Damina Talatin da Takwas a Cikin Akwatin Ƙarfe

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Sa Ido kan Gidajen Kallo da Shagunan Intanet, Daura.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Ina taya ka murnar wannan kujera da aka ɗora ka a kai, Allah Ya ba ka ikon sauke nauyin da ke cikinta.

Ranka ya daɗe, sunana Ma'aruf Iliyasu. In sunan bai tuna maka komai ba, ni ne mai kafen intanet ɗin nan da ke bayan tsohuwar tasha, mai ƙofa shuɗiya da bishiyar darbejiya a gaba. Na zaɓi in rubuto maka a fili ne saboda na rubuta wa waɗanda suka gabace ka wasiƙa huɗu a rufe, kowacce na kai ta da hannuna, ba a taɓa ba ni amsar ko ɗaya ba. Wannan karon kuma lokaci ya ƙure mini. Na samu labari daga bakin mai gadin sitonku cewa za a kwashe duk tarkacen da ke ciki a ba 'yan gwangwan da zarar damina ta wuce, don a gyara rufin. A cikin tarkacen nan akwai kayana. Zan yi maka bayani dalla-dalla, ka yi haƙuri da tsawon zancen.

Na ɗaya: yadda wurin yake kafin a rufe shi.

Mun buɗe kafen ne 'yan shekaru bayan fara aiki da Shari'a a jiharmu, ni da abokina marigayi Lawal, wanda kowa ya sani da Lawal Rediyo saboda gyaran rediyo da talabijin ne sana'arsa tun yana saurayi. Kwamfuta biyar muka jera a gaba, tsofaffi ne da aka yi amfani da su a wani wuri, sai faranti a kan rufi da ke jawo mana intanet daga tauraron ɗan'adam, da wani janareta da sai an lallashe shi yake tashi. A lokacin mutum kan danna shafi ya je ya yi alwala ya dawo bai gama buɗewa ba. Amma mu a wurinmu abin kamar mafarki yake. Mutum yana zaune a Daura, akuyoyi na wucewa ta ƙofar shago, yana karanta abin da wani ya rubuta jiya a can wata ƙasa.

Masu zuwa suna da yawa. Ɗalibai masu rajistar jarrabawa, 'yan kasuwa daga Mai'adua masu son a buɗe musu imel, malaman makaranta, mata masu zuwa da mazajensu ko yayyensu don cike takardar neman gurbin karatu. Sai dai abin da na fi kewa ba cinikin ba ne, majalisar yamma ce. Bayan la'asar Lawal zai fito da benci biyu ƙarƙashin darbejiyar, a taru. Akwai Malam Hamisu, malamin kimiyya a sakandare, wanda ba ya yarda da magana sai an nuna masa yadda aka auna ta. Akwai Lawal, wanda ya yi imani babu na'urar da ta mutu sai dai wadda aka gaji da ita. Akwai wasu uku ko huɗu masu zuwa su tafi. Akwai kuma kai, ranka ya daɗe, lokacin kana ƙaramin magatakarda a kotu, kana zuwa a kan kekenka da takardu a ɗaure a baya. Ni na buɗe maka imel ɗinka na farko. Sau uku ka manta lambar sirrinka, a na ukun ka rubuta ta a cikin hularka.

Babu abin da ba a tattauna a bencin nan. Ko kwamfuta tana tunani ne ko lissafi kawai take yi. Ko za a wayi gari wayar hannu ta yi aikin da waɗannan akwatuna suke yi, wanda Lawal ya ce za a yi, muka yi masa dariya. Ko hoton da aka ɗauka da na'ura zai iya zama shaida a gaban alƙali. Wani lokaci murya takan tashi har mai shayin da ke gefe ya ce mu sassauta, amma ana kiran magariba kowa zai miƙe a yi sahu ɗaya, gobe a ɗora daga inda aka tsaya.

Na biyu: kwamfuta ta shida.

A ɗan ɗakin baya akwai wata kwamfuta da ba ta haya ba ce, ba a taɓa haɗa ta da intanet ba ko sau ɗaya. Lawal ne ya harhaɗa mini ita daga matattun kwamfutoci uku. A kanta muke wani aiki da ya samo asali daga mahaifina.

Mahaifina, wanda muke kira Baba Malam, manomi ne kuma malamin allo a wani ƙauye kusa da Sandamu. Tun yana matashi yake da wata al'ada: duk shekara yakan rubuta da ajami ranar da ruwan farko ya sauka, da tauraron da ake ciki a lissafin manoma, da ranar da ya yi shuka, ko shukar ta kama ko an sake, da kwanakin da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, da ranar da fara ko tsutsa ta zo, da damin gero da dawa nawa gonar ta bayar. Bai taɓa tsallake shekara ba, har shekarun fari. Damina talatin da takwas ya rubuta, a kan takardu iri-iri, wasu ma bayan takardar siminti ne da ya yanke ya goge, duk a cikin gafaka guda ɗaya.

Wata rana na ba da labarin takardun a majalisa don raha kawai. Malam Hamisu ya ajiye kofin shayinsa ya ce, “Ma'aruf, ka san abin da ke gidanku kuwa? Wannan shi ne kimiyya. Mutum ɗaya, gona ɗaya, shekara talatin da takwas bai canja wuri ba.” A makon muka ɗauki babur muka je ƙauye.

Da farko Baba Malam ya ƙi. Yana tsoron a ce yana duba da taurari, don a shekarun nan ana yawan wa'azi a kan haka. Ya ce mana, “Ni ban taɓa gaya wa kowa abin da gobe za ta zo da shi ba, wannan na Allah ne. Abin da ya riga ya wuce nake rubutawa don kada in manta.” Malam Hamisu ya ce ai mu ma shi muke nema. Daga nan ya yarda, bisa sharaɗin cewa gafakarsa ba za ta kwana a birni ba.

Haka muka yi kusan wata biyar. Kowace Asabar da safe in je in ɗauko shi a babur, yana rungume da gafakar a ƙirjinsa. Lawal yana ɗora takardun a sikana ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar mai juya jariri. Ni ina bugawa a jadawali. Rubutun Baba Malam yana da wuyar karantawa, tawadar wasu shekarun ta dushe, don haka shi yake karanto mana da bakinsa, Lawal kuwa ya saka ƙaramin makirufo yana naɗar muryarsa don kada mu yi kuskure. In ya zo kan wata shekara sai ya tsaya ya ba da labarinta. Shekarar da aka shuka sau uku. Shekarar da ruwa ya ɗauke cikin tauraron Zira'a har aka fita roƙon ruwa. Shekarar da aka haife ni, wadda ya rubuta cewa gero ya yi kyau amma tsuntsu ya ci rabi. Da ya ga na danna wuri ɗaya duk shekarun sun jeru daga wadda ruwa ya fi saurin sauka zuwa wadda ya fi jinkiri, ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, “Wannan ɗalibi yana da haƙuri, ba ya gajiya da tambaya.”

Mun gama ɗaukar hoton takardun duka. Bugawa kuwa mun kai damina ta ashirin da shida. Ni da Lawal mun fara ganin kamar ruwan farko yana ƙara jinkiri a shekarun baya-bayan, amma Malam Hamisu ya hana mu faɗa a waje, ya ce sai an kammala an auna. Ba a kammala ba.

Na uku: ranar da aka zo.

Ina so in faɗi wani abu a sarari, don kada a juya maganata. Ban taɓa adawa da kafa kwamitinku ba. Ni ma uba ne. Tun kafin kowa ya umarce mu, muka cire katakon da ke raba masu amfani da kwamfuta, muka juya fuskokin allunan suna kallon ƙofa, muka liƙa sanarwa a bango da Hausa da ajami. Na sha korar mutane da kaina.

Wata Laraba da hantsi, ina ɗakin baya, wani baƙo magidanci da ban taɓa gani ba, ban kuma sake gani ba, ya zauna a kwamfuta ta huɗu ya buɗe hotunan da ba su dace ba. Wani ya hango shi ta taga, bai shigo ya gaya mini ba, ya wuce ya kai rahoto. Kafin azahar baƙon ya yi tafiyarsa. Bayan azahar motar kwamiti ta tsaya a ƙofa. Ba su zage mu ba, ba su taɓa kowa ba, wannan gaskiya ce kuma zan faɗe ta. Amma sun kwashe komai. Da suka shiga ɗakin baya, Lawal ya tsaya a bakin ƙofa yana roƙonsu, yana nuna musu cewa ko wayar intanet ba ta shiga ɗakin ba. Shugaban tawagar ya ce a kotu za a tantance. Allon kwamfutar ta shida yana wurin gyara a ranar, don haka gangar jikinta kawai suka ɗauka. Mai rubuta jerin kayan ya duba ta bai ga allo ba, sai ya rubuta: kwamfuta biyar, firinta ɗaya, sikana ɗaya, akwatin ƙarfe ɗaya. Ya buga hatimi ya ba ni kwafi. Na sa hannu ban lura ba, don hankalina ba ya jikina. Takardar tana nan a wurina.

Za ka tambaye ni don me ba mu ajiye kwafin aikin a wani wuri ba. Tambaya ce da na yi wa kaina fiye da yadda kowa zai yi mini. Mun kwafe hotunan a faifan sidi guda biyu, muka ajiye su a aljihun teburin da kwamfutar take kai. An zazzage aljihun a buhu ɗaya da sauran faya-fayan shago, buhun kuwa ba ya cikin jerin. Lawal ya sha cewa in kai kwafi ɗaya gida, ina cewa gobe. Wannan sakacina ne, ban ɗora shi a kan kowa ba.

Na huɗu: abin da kotu ta ce.

Alƙali ya saurare mu zama biyu. Ya tambayi ko akwai wanda ya ga ni ko Lawal mun buɗe abin, aka ce babu. Ya tambayi ko an samu wani abu makamancinsa a ajiye a cikin kwamfutocin, aka ce ba a samu ba. Ya yi mana nasiha mu ƙara sa ido, ya sallame mu, ya ba da umarni a rubuce cewa a mayar mana da kwamfutocinmu da firinta da sikana.

Mai kula da sito ya ba mu biyar. Na ce saura ɗaya. Ya ɗora takardar alƙali a gefen jerin kayan ya ce, “Alƙali ya ce kwamfutoci. Ga kwamfuta biyar. Akwatin ƙarfe bai ambace shi ba.” Na ce a buɗe a gani, ya ce ba shi da hurumin buɗe kayan shaida. Na koma kotu, aka ce an yi wa alƙalin canjin wurin aiki, sabon kuma ya ce shari'ar da aka rufe ba ta gabansa, in koma wurin kwamiti. Kwamiti ya ce in kawo takardar kotu. Tsakanin ofis biyun nan tafiyar minti goma ce a ƙafa. Na fi shekara goma sha biyar ina yin ta.

Ranka ya daɗe, a nan ne zan tuna maka wata magana taka. Wata yamma, tun kafin wannan ya faru, aka yi gardama a bencin a kan wa ke da laifi in an aikata ɓarna da kwamfutar haya, mai shago ko wanda ya zauna a kanta. Lawal ya ce ai babu dokar da ta san intanet tukuna. Kai ka ce ba sai an jira sabuwar doka ba, domin a Shari'a ba a kama mutum da laifin wani, kuma kayan da hukuma ta karɓa don bincike amana ce a hannunta har ta mayar wa mai shi. Malam Hamisu, wanda ba ya yarda da sauƙi, a ranar ya ce ka yi gaskiya. Ban kawo wannan don in kunyata ka ba. Na kawo ne don na san ba sai na koya maka abin da kai ka koya mana ba.

Na biyar: abin da ya biyo baya.

Kafen bai sake tashi ba. Wata uku a rufe ya isa mutane su saba da wani wuri, sunan da aka liƙa mana kuma bai goge da takardar alƙali ba. Iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa. Daga baya wayoyin hannu suka zo suka yi abin da Lawal ya ce za su yi. Na koma sayar da kayan waya a kasuwa, ina nan har yau, alhamdu lillahi. Majalisa ta watse a hankali, ba tare da an yi sallama ba. Malam Hamisu ya yi ritaya, idonsa ya yi rauni. Lawal ya rasu shekara shida da suka wuce. Ko a jinyarsa ta ƙarshe da na je duba shi, sai da ya ce mini kada in yarda a kunna kwamfutar haka kawai in an ba ni, in fara cire faifan ajiyar da ke cikinta in saka a wata.

Baba Malam bai daina tambayata ba har ya rasu. Duk zuwan da na yi ƙauye sai ya ce, “Ina ɗalibina, sun sake shi?” In ce saura kaɗan. Bai damu sosai ba, don yana ganin takardunsa na nan a gafaka. Damina biyu bayan rasuwarsa aka yi ruwan kwana uku, ɗakin ƙasan da kayansa suke ya rufta. Da muka tono gafakar, takardun sun zama dunƙulen laka da tawada. Mun shanya su a tabarma muna ɓamɓarewa da wuƙa, shafi huɗu kawai ake iya karantawa. Ke nan, abin da ya rage na rubutun damina talatin da takwas, da muryar mahaifina yana karanta su, yana cikin akwatin da ke sitonku. Babu shi a ko'ina kuma a duniya.

A watan jiya mai gadi ya tausaya mini ya bar ni na leƙa ta tagar siton. Na ga kwamfutar. Tana can ƙurya, ƙarƙashin karyayyun kujerun roba da manyan lasifikoki, kusa da inda rufin yake yoyo. Na gane ta ne da murfin gefenta, wanda launinsa ya bambanta da na sauran jikin.

'Yata ta fari yanzu tana ajin ƙarshe a jami'a, tana karanta aikin gona. Na ba ta labarin takardun kakanta, ta gaya wa malaminta, shi kuma ya aiko ta da tambaya ko za a iya ganinsu, ya ce da wuya a samu irin wannan rubutu daga ƙauye. Ta zo hutu ta tambaye ni. Na ba ta shafi huɗun nan a cikin leda. Ta karɓa da hannu biyu.

Na shida: abin da nake roƙo.

Ba na neman diyya, ba na neman a hukunta kowa. Mai rubuta jerin kayan ya rasu, na yafe masa, na san ba da gangan ya yi ba. Roƙona uku ne.

Ina roƙon ka ba da umarni a dakatar da kwashe siton har a fito da abin da aka rubuta da sunan akwatin ƙarfe ɗaya a jerin kayan shagona. Zan kawo kwafina mai hatimi da takardar alƙali.

Ina roƙon a buɗe shi a gabanka ko gaban wanda ka wakilta, da duk malamin da kuka amince da shi. Ku duba abin da ke ciki fayil bayan fayil, ba ni da abin ɓoyewa. In kuma dokar ofishinku ba ta yarda akwatin ya fita ba, ku riƙe akwatin, ku bar ni in cire faifan ajiyar kawai. Bai fi tafin hannu ba, kusoshi huɗu ne ke riƙe da shi.

Ina kuma roƙon, kafin a kira 'yan gwangwan, a sanar a masallatai cewa duk wanda yake da kaya a siton nan ya zo da shaidarsa. Abin da na hango ta taga ya fi ƙarfin kayan mutum ɗaya. Ban san me ke cikin sauran ba, amma kowanne akwai wanda ya saye shi da guminsa, wataƙila wasu sun gaji da zuwa ne kawai.

Ranka ya daɗe, ba na yaudarar kaina. Na yi wannan sana'a, na san abin da zafi da danshi da shekaru suke yi wa faifai. Mai yiwuwa in saka shi ya ƙi juyawa. In haka Allah Ya ƙaddara, zan karɓa, in yi wa mahaifina addu'a in rufe zancen. Amma ina so a ce ni na gwada da hannuna na ga ya mutu, ba a ɗora shi a sikeli a auna nauyinsa a jefa a bayan mota alhali ba wanda ya taɓa dubawa ba. Ranar Litinin mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan zo ofishinka da ƙarfe tara na safe, da takarduna da sukudireba a aljihu. Zan zauna a benci in jira, ko da za a kai la'asar.

Allah Ya yi maka jagora a wannan aiki, Ya haɗa ka da mashawarta na gari, Ya sa ka gama lafiya ba tare da haƙƙin kowa a wuyanka ba. Allah Ya jiƙan iyayenmu da naka, Ya jiƙan Lawal, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalamu alaikum.

Naka mai girmama ka,
Ma'aruf Iliyasu,
Daura.